Injin jirgin ruwa da gyaransa na bazara

Kogin Isa, wanda ake kira Kwara, ya ratsa ƙasar Nijar tsawon kusan kilomita 550. Daga Ayoru har Gaya, manyan jirage na katako suna ɗaukar mutane da buhunan shinkafa da kifi da tumaki zuwa kasuwanni. A da, da filafili da gora ake tuƙa su. Yanzu da yawa suna da inji maƙale a baya. Da faransanci ana ce masa « moteur hors-bord », wato injin da ke wajen jirgi.

Kogi yana da lokutansa kamar gona. A watan Ogusta da Satumba ruwan damina yana sa shi cika, ya yi ja saboda laka. Bayan haka ruwan da aka yi a duwatsun Gine yana isowa, kogi ya sake batsewa wajen Disamba da Janairu. Daga nan sai ya yi ta janyewa har Mayu da Yuni. A shekarar 1985 ma ya daina gudu a Yamai. Idan ruwa ya ja baya, manyan jirage ba sa samun hanya sosai. A wannan lokaci ne mai jirgi yake kwance injinsa, ya kai shi inuwa, shi da makaniki su duba shi.

Abu na farko da suke dubawa shi ne hanyar ruwa. Inji yana ƙona esansi, don haka yana yin zafi ƙwarai. Ruwan kogi ne yake sanyaya shi. A ƙasan inji, kusa da farfela, akwai ƙananan ƙofofi inda ruwa yake shiga. A ciki akwai wata ƴar fanka ta roba, ba ta kai tafin hannun yaro ba. Ita ce take tura ruwa sama, ya zagaya cikin inji. Kaɗan daga ruwan yana fitowa ta wani ɗan rami a baya, siriri kamar daga bakin buta. Matuƙin kirki yana yawan waiwayawa ya duba wannan ruwa. In ya ga ya tsaya, nan take yake kashe inji.

Wannan ƴar fanka tana shan wahala. Da rani jirgi yana bi ta wurare marasa zurfi, inji ya tsotsi ruwa haɗe da rairayi. Rairayi yana cin roba sannu a hankali, kamar yadda dutse yake cin wuƙa. Leda da kainuwa kuma suna toshe ƙofofin. Shi ya sa ake buɗewa a duba ta kowace shekara. In fikafikanta sun tsage ko sun sandare, sai a sa sabuwa. Kuɗinta kaɗan ne. Amma wanda ya yi rowarsu yana iya ƙona inji gaba ɗaya, kuma injin da ya mutu a tsakiyar kogi lokacin cika, da mutane shaƙe a jirgi, babban hatsari ne: ruwa yana jan jirgin, ya juya shi a kaikaice, ya kai shi kan dutse.

Sai man giya. A ƙasan inji akwai haƙoran ƙarfe masu juya farfela, suna wanka cikin mai mai kauri. Makaniki yana kwance kusoshi biyu, ya tari tsohon mai a kwano, ya dube shi. In ya yi fari-fari kamar madara, ruwa ya shiga ke nan. Sau da yawa laifin zaren taru ne. Yana naɗewa bayan farfela, ya yanke zoben roba mai tare ruwa. Sai a cire farfela, a warware zaren, a sake zobe, a shafa giris, a cika sabon mai daga ramin ƙasa har ya fito ta na sama.

Buji kuwa, shi ne mai ba da tartsatsin wuta. Launin bakinsa yana faɗin lafiyar inji. In ya yi ruwan ƙasa, komai lafiya. In ya yi baƙi da danƙo, mai ya yi yawa ko kuma karburato yana son wanki. Galibin waɗannan injuna suna shan esansi gauraye da man inji. Ga da yawansu, rabin litir na mai ake zubawa cikin litir 25 na esansi. Wasu matuƙa suna awo da ido, wannan kuwa kuskure ne. In mai ya yi kaɗan, ƙarfe yana cin ƙarfe. In ya yi yawa, hayaƙi da baƙin buji ne sakamako.

A wanke tanki da matatar esansi, domin ƙurar hunturu da ɗigon ruwa suna taruwa a gindinsu. A duba igiyar tayarwa, kada ta tsinke ranar kasuwa.

In an gama, ba a tayar da inji a kan tudu, ko na minti ɗaya: ba ruwa, ƴar fanka za ta ƙone. Ana cika tano da ruwa, a tsoma ƙafar inji ciki, a ja igiya. Kowa ya zuba ido ga ɗan ramin nan na baya. In ruwa ya fito da ƙarfi, sai a ajiye inji a tsaye, a rufe shi da buhu, har jan ruwa ya iso.

Tambayoyi
1. Me ya sa ake gyaran inji a watan Mayu da Yuni?
2. Me matuƙi yake yi in ruwan baya ya daina fitowa?
3. Litir nawa na man inji za a zuba cikin litir 100 na esansi?