Girma Ne Ko Ciwo? Abin da Jiki Ke Faɗa wa Dattawan Wurno, Rabah da Goronyo

Ido ne ke fara kai ƙara. Tun gwiwa ba ta soma ƙorafi ba, tun furfura ba ta wuce ƙwaya biyu ko uku a gemu ba, mutum zai lura lambobin da ke cikin wayarsa sun ƙanƙance. Malamin zaure a Wurno ya dinga ja da littafi nesa da fuska har hannu ya miƙe sarai. Tela a kasuwar Goronyo ya kira yaro ya zura masa zare a allura. Uwargida a Rabah ta fito da faifan shinkafa tsakiyar rana, domin a inuwa ta daina bambance tsakuwa da ƙwaya. Yawanci abin yana farawa tsakanin shekara 40 da 45, kuma ba ya ƙyale mai kuɗi ko talaka.

Dalilinsa ba boyayye ba ne. A bayan baƙin ido akwai wani ɗan madubi mai laushi, faɗinsa kusan santimita ɗaya. Idan mutum zai dubi abu na kusa, wasu 'yan tsokoki ne ke sa madubin ya ƙara kauri. A idon yaro yana lanƙwasuwa yadda ake so, amma kowace shekara yana ƙara tauri, har ya kai ga tsokokin su yi iya yinsu ya ƙi motsi. Nesa na nan garau, kusa ne ya dushe. Maganin kuwa tabarau ne na karatu, wanda kuɗinsa sau da yawa bai kai na buhun taki ba, ko kusa.

Wani zai ce tabarau ai na 'yan boko ne. A 2018 an wallafa sakamakon wani gwaji da aka yi a jihar Assam ta Indiya, inda aka raba wa masu tsinkar ganyen shayi da suka haura shekara 40 tabarau, aka bar wasu babu. Waɗanda suka samu sun ƙara yawan abin da suke tsinka a rana da kusan kashi 22 cikin 100. Ba karatu suke yi ba, aikin hannu ne. Duk wanda ya taɓa ganin dashen albasa a fadamar Rima, yadda ake tsugunne ana zaro iri siriri ɗaya bayan ɗaya ana cusawa a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ko ya ga mai ɗinkin hula yana ƙirga zare, ya san wannan lissafi ya shafe mu.

Damuwa da ido ba sabon abu ba ne a wannan yanki. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya mai da Wurno ribaɗinsa, ya rasu a can a 1837, kabarinsa ma yana nan ana ziyarta, ya rubuta littafi kan cututtukan ido da magungunansu, ya kuma rubuta wani kan basir. Shugaban daula ne mai fama da yaƙi da shari'a, amma bai ɗauki lalurar jiki a matsayin abin da za a naɗe hannu a zuba wa ido ba. Abin mamaki shi ne yau, kusan shekara 190 bayan haka, jimla guda ta isa ta rufe maganar kowace lalura ta dattijo: “Girma ne.” Ko a ce, da harshen gida, jiki ya ƙiya.

Wani lokaci gaskiya ne. Sau da yawa kuwa ba haka ba ne, kuma nan ne asarar take.

Ɗauki yanar ido. Madubin nan da ya yi tauri, idan shekaru suka ƙara ja, yakan yi hazo har ya koma fari. Da farko fitilar mota ce ke kashe wa mutum ido da dare, daga baya ya daina gane fuska sai murya, a ƙarshe a haɗa shi da jika ya riƙa jan sanda zuwa masallaci. Binciken makanta da aka yi a faɗin Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa kimanin mutum 4 cikin kowane 100 da suka kai shekara 40 makafi ne, kuma yana ce ta haddasa kusan kashi 43 cikin 100 na makantar. Fiye da kashi 80 cikin 100 na makantar baki ɗaya irin wadda za a iya hanawa ce ko a warkar. Aikin cire yana a asibiti ba ya cika wuce rabin awa, ba a ma sa mutum barci. A fitar da madubin da ya lalace a sa na roba. Amma binciken ya tarar har yanzu mutane da yawa, musamman a Arewa, wurin masu aikin gargajiya suke zuwa, waɗanda ke soka tsinke su tura yanar ta faɗa can cikin ido. Mutum yakan ga haske a ranar, a yi murna a yi godiya. Bayan watanni sai ciwo ya biyo baya, idon kuma ya tafi gaba ɗaya.

Hawan jinin ido ya fi wannan mugunta, domin ba ya zafi, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Daga gefe yake fara cinye gani, mutum bai sani ba sai ya soma karo da ƙyaure. Awo ne kawai ke kama shi da wuri.

Kunne ma yana da nasa salon. Ba ƙarar duniya ce ke raguwa gaba ɗaya ba, siraran sautuka ne ke fara ɓacewa, irin su “s” da “sh” da “ts”. Shi ya sa dattijo zai ce yana jin magana amma ba ya gane ta, musamman a wurin ɗaurin aure ko ranar kasuwa. Wanda ya yi shekaru a gefen injin niƙa ko injin ban ruwa, nasa yakan zo da wuri. Illar ba a kunne take tsayawa ba. Mutumin da a da shi ne mai raba gardama a majalisa, idan ya gaji da cewa “me ka ce?”, sai ya koma yin murmushi kawai, daga baya ya daina fitowa. Jama'a su ce Baba ya zama miskili.

A ƙasar noma, ma'aunin ƙarfi a bayyane yake: kunya nawa ka yi kafin hantsi, kuma za ka iya ɗaga buhu ko sai an kama maka. Masana sun kiyasta cewa daga shekara 30 tsokar jiki na raguwa da kashi 3 zuwa 8 cikin 100 a kowace shekara goma, kuma raguwar na ƙara sauri bayan 60. Da yawa a sallah suke fara ganewa. Tasowa daga sujada, wadda a da ba a ko tunaninta, ta koma sai an dafa ƙasa da hannu biyu, an ɗan tsaya, sannan a miƙe. Wannan girma ne na gaskiya. Sai dai abin da 'ya'ya ke yi da kyakkyawar niyya, wato su ce “Baba, ka zauna ka huta, mun ɗauke maka”, yakan gaggauta abin. Tsokar da ba a mora ita ce ke saurin zubewa. Tsohon da ke taka ƙafa zuwa gona ko da duba yara ne kawai, yana kuma samun wake, nono, ƙwai ko kifin gulbi, ya fi wanda aka ajiye a tabarma ana kawo masa kunu daɗewa a tsaye.

Ga kuma tarkon ciwon gaɓɓai. Mai tallar magani na zagaya kasuwa da kwalinsa, a haɗa wa dattijo ƙwayoyi huɗu ko biyar a ƙulla a leda, ya sha ya ji garau ya koma gona. Yawancin irin wannan haɗi magungunan kashe zafi ne, waɗanda idan aka daɗe ana sha suke cin ciki, su raunana ƙoda, su kuma ƙara hawan jini.

Shi hawan jini ba ya sallama. Kusan babba ɗaya cikin uku a Najeriya na ɗauke da shi, da yawansu ba su sani ba, domin jijiyoyin jini na yin tauri a hankali ba tare da wani ciwo ba. Ranar da ya bayyana, sau da yawa da shanyewar ɓarin jiki yake bayyana: baki ya karkace, hannu ya saki, harshe ya yi nauyi. A irin wannan hali ana ɓata awanni masu tsada ana hayaƙi ana cewa iska ce ta buge shi, alhali kamata ya yi a nufi asibiti nan take, ko da zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babba zai ci a yini kada ya kai giram 5, wato ƙasa da cikin ƙaramin cokalin shayi. Wanda ya ƙirga ɗunƙulen magi da ke shiga tukunya ɗaya zai san an wuce nan tun a miyar rana.

Akwai alamun da kunya ke hana faɗa. Mace tsakanin shekara 45 da 55 jinin al'ada zai ɗauke mata, ta riƙa jin zafi na taso mata daga ƙirji zuwa fuska, gumi cikin dare, barci ya ƙi, rai ya riƙa ɓaci ba dalili. Wasu sukan zaci ciki ne, wasu su zargi sammu ko kishiya, alhali sinadaran jiki ne ke sauyawa. Amma jinin da ya dawo bayan an shekara da ɗaukewarsa ba girma ba ne, na ganin likita ne. Namiji kuma yana da wata 'yar tsoka a ƙarƙashin mafitsara, wadda ta kewaye hanyar fitsari; kusan rabin maza tana kumbura musu kafin su wuce 60. Sai tashi uku ko huɗu cikin dare, fitsari na fita da ƙyar, alwala ta ƙi riƙuwa. Mutum nawa ne suka daina zuwa sahun gaba saboda wannan, ba su taɓa gaya wa kowa ba?

Ƙishirwa ma tana dushewa. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a ƙasar Sakkwato, jikin tsoho zai iya bushewa bai ji yana son ruwa ba, sai dai a ga ya rikice yana sambatu a ce gigin tsufa ne. Musulunci ya yi rangwame ga wanda azumi ya fi ƙarfinsa ya ciyar, ga wanda tsayuwa ta gagara ya yi sallah a zaune. Karɓar rangwamen ne ke yi wa dattawa nauyi, don a wurinsu tamkar sa hannu ne a kan cewa an tsufa.

Abin da ke zuciya ya fi wuyar aunawa. Da yawa ba madubi ne ya fara gaya musu ba, yaron mota ne a tasha ya ce, “Baba, matsa ciki,” mutum ya waiga yana neman Baban. Ta wani gefe abin da daɗi. Ana ba ka wuri, ana neman shawararka a rikicin gona da na aure, jika ya zo ya tsokane ka, kaka ta kira jikanta “maigidana” gida ya ɗauki dariya. Ta ɗaya gefen, jana'iza ta yi yawa. Waɗanda kuka yi makarantar allo tare, kuka yi iyo a Rima tare, suna raguwa ɗaya bayan ɗaya, kuma ba sauran mai kiranka da sunan yarinta. 'Ya'ya sun tafi ci-rani Legas ko Abuja, suna turo kuɗi ta waya, amma kuɗi ba ya hira bayan isha'i.

Yawancin dattawan nan ba su da takardar haihuwa. Da tarihi suke ƙirga shekaru: ina goye aka kashe Sardauna, ɗan Rabah, a 1966, na fara azumi shekarar da aka canja kuɗi zuwa naira a 1973, na yi aure ana aikin madatsar Goronyo, wadda aka kammala a 1984. Wanda ya ce yana da wayo lokacin rasuwar Sardauna ya ba 60 baya da daɗewa. Shi Sardaunan bai cika 60 ba, haka ma kakan mahaifinsa Muhammadu Bello, ko da yake ƙanwar Bello, Nana Asma'u, ta kai 70 kafin rasuwarta a 1864. Idan aka ji ana cewa matsakaicin tsawon rayuwa a Najeriya bai wuce shekara 55 ba, kada ɗan 54 ya fara rabon gado. Mutuwar ƙananan yara ce ke jan adadin ƙasa. Wanda ya kai 60 yawanci yana da fiye da shekara goma a gaba, da yardar Allah, kuma tambayar ita ce a wane hali zai yi su.

A gabashin Sakkwato tambayar ta ƙara nauyi. Tun harin da aka kai Tabanni a ƙaramar hukumar Rabah a Yulin 2018, wanda ya kora jama'a zuwa Gandi, zuwa na kasuwar Goronyo a Oktoban 2021 inda aka kashe mutum fiye da 40, tsufa ya samu sabuwar ma'ana: wanda ba ya iya gudu. Tsohon da aka raba da gonarsa da makwabtansa da masallacinsa yakan faɗi warwas cikin 'yan watanni, ga maganin hawan jini da ya yanke.

A takarda, hukuma ta san da su. An sa hannu kan dokar kafa cibiyar kula da tsofaffi ta ƙasa a 2018, aka kuma amince da manufar ƙasa kan tsufa a 2021. Daga Abuja zuwa zauren wani tsoho a Wurno kuwa tafiya ce mai nisa, kuma babu alamar za a yi ta da gaggawa.

Kafin nan, aikin na 'ya'ya ne da jikoki. Mai tsoho ko tsohuwa a gida ya kai su asibiti mafi kusa a auna musu jini da suga ko da ba sa jin komai, a duba idanunsu sau ɗaya a shekara, kuma a tambaye su kai tsaye game da fitsari da barci da ji, domin ba za su fara faɗa da kansu ba.