Kamun Kifi na Kasuwanci: Darasi daga Kogin Kolambiya zuwa Madatsar Watari

Gabatarwa

A kasuwar Bagwai, kamar sauran kasuwannin ƙasar Kano, mai saye yakan tarar da kifi iri uku. Akwai ɗanye wanda masunta suka fito da shi daga ruwa da asuba, akwai banda wadda aka kyafe da hayaƙi, sa'an nan akwai na gwangwani wanda ya ƙetaro teku. Babban abin da ya raba su shi ne nisan da kowanne zai iya yi kafin ya lalace. Ɗanyen kifi ba ya kwana a zafin bazara, banda takan yi makonni, na gwangwani kuwa yakan kai shekaru. A kan wannan bambanci tarihin kamun kifi na kasuwanci ya rataya. Muddin kifi ba ya ajiyuwa, masunci ba zai kama fiye da abin da garinsu zai ci a ranar ba. Da zarar an sami hanyar adana shi, iyakar kamu ta tashi daga cikin mutanen gari ta koma ga farashin kasuwa mai nisa, wadda ba ta ƙoshi.

Gwangwani da kifin salmon

A shekarar 1810 wani Bafaranshe, Nicolas Appert, ya wallafa dabarar dafa abinci cikin kwalba rufaffiya don kada ya ruɓe, kuma a wannan shekara aka yi rajistar amfani da gwangwani a Ingila. Babu inda tasirin wannan dabara ya fito fili kamar Kogin Kolambiya, a arewa maso yammacin Amurka. Kifin da ake kira salmon a ruwan kogi ake ƙyanƙyasarsa, ya gangara teku ya girma, sa'an nan ya komo ya haura kogin da aka haife shi domin ya zuba ƙwai. Shekaru dubbai 'yan asalin ƙasar suna kama shi a lokacin wannan hawa, su shanya, su bar saura ya wuce.

A 1866 William Hume da abokan cinikinsa suka kafa masana'antar gwangwani ta farko a bakin kogin, suka cika akwati 4,000 a shekarar. Zuwa 1883 masana'antun sun yi yawa ainun, abin da aka cika ya haura akwati 600,000, ana kai shi har Ingila. Akasarin masu fiɗa da yanka a cikin masana'antun leburori ne daga ƙasar Sin. Aka baza taru a bakin teku, aka kuma kafa wasu manyan ƙafafu masu juyawa da ƙarfin ruwa, suna kwasar kifi dare da rana. Daga wannan shekara babban nau'in kifin bai sake kai wannan yawa ba.

Doka ta zo a makare. Jihar Oregon ta haramta ƙafafun nan a 1926, Jihar Washinton ta bi baya a 1934. A daidai lokacin kuma aka shiga datse kogin domin wutar lantarki. Madatsar Grand Coulee, wadda aka kammala a farkon shekarun 1940, an gina ta ba tare da mahayin kifi ba, watau an rufe wa salmon hanyar zuwa wuraren zuba ƙwai na can sama baki ɗaya. A 1980 babbar masana'antar da ta rage a garin Astoria ta rufe. Kamu ba ƙaidi ya rage iyaye, madatsa ta toshe mahaifa.

Banda da Tafkin Cadi

Ƙasar Hausa ba ta kafa masana'antun gwangwanin kifi ba, amma banda ta yi mata aikin gwangwani. A da, sana'ar su gado ce. Kabawa a gulbin Kabi da Sarkawa a Kwara wajen Yawuri sun san ruwansu, suna aiki da koma da gora da mamari. Kowane ruwa yana da Sarkin Ruwa mai buɗewa da rufewa. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo siffarsa ta yanzu a 1934 lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, shaida ce ta wannan tsari, domin ana tsare ruwan Matan Fada daga masunta har ranar da aka ba da izini.

A shekarun 1960 abubuwa biyu suka sauya al'amarin Tafkin Cadi: shigowar taru na zaren roba, mai arha da daɗewa, da kuma samuwar hanyar mota daga Maiduguri zuwa Baga. Nan da nan Baga ta zama matattarar banda, manyan motoci suna lodi zuwa Anaca da Inugu da Legas. Hausawa masu yawa suka yi ƙaura can, wasu masunta, wasu fatake. Amma tafkin da faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a 1963 ya janye ƙwarai bayan farin shekarun 1970 da na 1980. Daga baya rikicin Boko Haram, musamman harin Baga na Janairun 2015, ya tarwatsa kasuwar na wani lokaci.

Watari da ƙasar Bagwai

Bagwai ƙasar noma ce, gonaki sun haɗe da juna, kuma a da rafukanta sukan ƙafe da rani. Shirin gina madatsun ruwa da Gwamna Audu Bako ya fara, wanda ya haifar da Bagauda da Tiga, shi ne ya kai ga datse Kogin Watari, aka kammala aikin a 1980. Manufar ita ce noman rani, amma ruwan da ya kwanta ya haifar da sana'ar da ba a saba da ita sosai ba a yankin. Karfasa da tarwaɗa suka yaɗu, 'ya'yan manoma suka koyi tuƙa kwalekwale da jefa birgi, dillalai suka riƙa zuwa daga birnin Kano.

A nan madatsa ta ba da kifi maimakon ta hana. Sai dai wajibi ne a dubi kogi tun daga tushe har ƙarshe. Ruwan da aka tsare a Tiga, da kuma a Challawa tun 1992, shi ne ambaliyar da ke cika fadamun Haɗeja da Nguru, inda kifi ke hayayyafa da damina. Ribar da aka ci a sama, masuntan ƙasa ne suka biya wani kashi nata.

Hatsarin da ke fuskantar ƙaramin ruwa irin na Watari kuwa sananne ne. Taru mai ƙananan idanu yana kwashe 'ya'yan kifi kafin su kai ga yin ƙwai. Zuba guba, ko magimfa ce ta gargajiya ko maganin ƙwari na gona, yana kashe babba da ƙarami. Noma har bakin ruwa yana tura yashi da laka suna cike madatsa. Dokar kamun kifi a ruwan cikin ƙasa ta 1992 ta haramta guba da nakiya, ta kuma ƙayyade idon taru kada ya gaza milimita 76. Amma doka a takarda ba ta tsaron ruwa da daddare.

Kammalawa

Aikin da ke gaban ma'aikacin gwamnati da ɗalibi mai nazarin wannan fanni a bayyane yake. Na farko, a riƙa auna abin da ake kamawa a kowace mashiga ana rubutawa, domin raguwar girman kifi ita ce alamar farko ta gajiyar ruwa. Na biyu, a ware watannin damina da kifi ke zuba ƙwai a hutar da ruwa, kuma a ɗora alhakin haka a kan Sarkin Ruwa da ƙungiyar masunta, waɗanda suka san mai karya doka da sunansa. Na uku, duk wanda zai kawo injin ƙanƙara ko sabon murhun banda, ya fara tambayar ko ruwan zai iya ɗaukar kasuwar da zai buɗe masa. Masu masana'antun Kolambiya ba su yi wannan tambaya ba sai bayan da kifi ya ja baya. Hausawa sun ce gani ga wane ya isa wane tsoron Allah.