Ƙaura daga Windows 10: takardar jagorar da kwamfutocin Damagaram ke buƙata

Tun ranar 14 ga watan Oktoba na 2025, kamfanin Microsoft ya daina aika wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro na kyauta, shekara goma bayan fitowarta a watan Yuli na 2015. Kwamfutar da ke ɗauke da ita tana ci gaba da kunnuwa, tana buga takarda, tana shiga intanet kamar da. Abin da ya canza shi ne duk wata sabuwar ɓaraka da ɓarayin intanet suka gano a cikinta, ba za a ƙara toshe ta ba, sai ga waɗanda suka shiga shirin ƙarin wa'adi. A wannan rana ce kuma aka janye tallafi ga Office 2016 da Office 2019.

Lamarin ya shafi jama'a da dama a Damagaram: shagunan buga takardu, makarantu, shagunan magani, ofisoshin ƙungiyoyi, da ɗaliban Jami'ar André Salifou masu rubuta kundin kammala karatu. Ko yau ko gobe, kowa zai ƙaura zuwa wata sabuwar manhaja. A yawancin wurare kuwa ana wannan aiki ne da ka. Mai gyara ya zo, ya yi abin da ya sani, ya tafi da saninsa, ba a bar ko layi ɗaya a rubuce ba. A nan ne ake asarar takardu da kuɗi da kwanakin aiki.

Sabuntawa daban, ƙaura daban

Babbar manhaja, wadda masu gyara ke kira sistem, ita ce ke tafiyar da kwamfuta ko salula baki ɗaya, kuma a kanta sauran manhajoji ke zama. Windows, Android, iOS da Linux duk irinta ne. Sabuntawa, wato mizajur, ƙaramin gyara ne da ke zuwa a kai a kai. Ƙaura kuwa ita ce tashi daga wani zubi zuwa wani, kamar daga Windows 10 zuwa Windows 11 da ta fito a watan Oktoba na 2021.

Ita ma ƙaurar hanya biyu ce. Ana iya ɗora sabuwar manhaja a kan tsohuwa, takardu da manhajoji su tsaya inda suke. Ana kuma iya share komai a fara daga farko, abin da ake kira formate. A hanya ta farko Windows na ajiye tsohon zubin a wani kundi mai suna Windows.old, kuma mutum na da kwana 10 ya koma baya idan abin bai yi masa ba. A hanya ta biyu babu komawa. Mai shago da ya ce wa mai gyara «sa mini sabuwa» bai faɗi wadda yake nufi ba, kuma sau da yawa bai san cewa biyu ne ba.

Ƙin ƙaura ma yana da farashinsa. A watan Mayun 2017, manhajar ɓarna mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kimanin 150, har asibitocin Ingila suka soke ganin dubban marasa lafiya. Microsoft ya riga ya fitar da maganin ɓarakar tun watan Maris na shekarar. Waɗanda abin ya ci su ne waɗanda ba su sa gyaran ba.

Bayanin da bai san Damagaram ba

Ba za a ce babu bayani ba. Microsoft ya wallafa shafuka masu yawa a kan wannan ƙaura, da Faransanci da Ingilishi da wasu harsuna. Sai dai wanda ya rubuta su yana tunanin mai karatu ne da ke da intanet marar iyaka, da wutar da ba ta ɗaukewa, da kwamfutar da ya saya sabuwa da lasisinta.

Halin da ake ciki a nan ya sha bamban. Kundin girka Windows 11 ya haura giga 5, wanda sauke shi da kuɗin intanet na salula ba ƙaramin abu ba ne. Kuran na iya ɗaukewa a tsakiyar aiki, musamman a watannin zafi, kuma kwamfutar da ta mutu ana cikin girka mata manhaja tana iya ƙin tashi. Sannan da yawa daga cikin kwamfutocin gari na gwanjo ne, waɗanda suka gama aiki a ofisoshin Turai ko aka sayo a Kano.

Windows 11 kuwa tana da sharuɗɗa. Tana neman ƙwaƙwalwar aiki ta giga 4 aƙalla, da ma'ajiya ta giga 64, da wani ɗan sashen tsaro mai suna TPM 2.0. A ɓangaren kamfanin Intel, tana neman ƙwaƙwalwar sarrafawa ta zubi na takwas ko sama, wanda ya fara fitowa a 2017. Ke nan kwamfutar da aka ƙera kafin wannan lokaci, komai lafiyarta, akasari ba ta cika sharaɗi ba. Akwai dabarun tsallake sharuɗɗan da ke yawo a intanet, amma kamfanin ya ce bai ɗauki alkawarin ci gaba da aika gyara ga irin waɗannan na'urori ba. Mai kwamfuta na da haƙƙin a faɗa masa haka kafin ya biya kuɗin aiki.

Abin da ya kamata takardar ta ƙunsa

Takardar jagora mai amfani ba ta buƙatar wuce shafi ɗaya ko biyu. A samanta a rubuta ranar da aka yi ta, da zubin da ake bari, da wanda ake komawa. Bayanin da ba shi da kwanan wata yana iya ɓatar da mutum, domin matakan kan canza daga shekara zuwa shekara.

Kashi na farko shi ne tambayar ko wannan kwamfuta za ta iya. Rubuta winver a wurin bincike yana nuna zubin da ke kanta, kuma manhajar Microsoft ta kyauta mai suna Contrôle d'intégrité du PC tana faɗin ko ta cika sharuɗɗa. Idan ba ta cika ba, takardar ta jera zaɓin da ya rage. Akwai shirin ƙarin wa'adi da kamfanin ya sanar wa masu amfanin gida har zuwa 13 ga Oktoba na 2026, wanda ke aiki a kan zubin 22H2 kaɗai. Akwai komawa Linux, kamar Ubuntu ko Linux Mint, waɗanda kyauta ne kuma suna tafiya a kan tsofaffin na'urori. Akwai kuma raba kwamfutar da intanet a bar ta tana buga takardu kawai.

Kashi na biyu shi ne abin da za a tanada kafin a taɓa komai. A kwafe takardu zuwa wata ma'ajiya ta waje, sannan a buɗe kaɗan daga cikinsu a wata kwamfuta don a tabbatar sun kwafu. A jera manhajojin da ake aiki da su, musamman ta lissafin kaya da kuɗi, tare da lambobin lasisinsu. A duba ko tsohon injin buga takardu na da manhajar da za ta haɗa shi da sabon zubi, domin shagon da injinsa ya daina aiki ya rufe ke nan. A rubuta kalmomin sirri a ajiye inda ya dace.

Kashi na uku shi ne aikin kansa, mataki bayan mataki, kowane da abin da mutum zai gani a fuskar kwamfuta. A faɗi tsawon lokacin da za a jira, da cewa na'urar za ta mutu ta tashi da kanta sau da yawa, don kada wani ya tsorata ya cire waya. A yi aikin da cikakken batir, ko da akwatin da ke riƙe wuta idan kwamfutar tebur ce. A sauke kundin sau ɗaya a sa a kile USB, ya wadatar da kwamfutoci goma.

Kashi na huɗu, wanda aka fi mantawa, shi ne abin da kan lalace da yadda ake komawa baya. Misali ɗaya da ya shafe mu kai tsaye shi ne allon rubutu. Kwamfutocin da suka fito daga Faransa na da jerin AZERTY, waɗanda suka biyo ta Najeriya kuwa QWERTY. Idan aka zaɓi wanda bai dace ba wajen girkawa, A ta koma Q, Z ta koma W, sai kalmar sirri ta ƙi shiga alhali mai ita bai yi kuskure ba. Wani misalin shi ne kulle ma'ajiya. Sababbin zubin Windows 11 kan rufe bayanan da ke ciki da wani mabuɗi mai lamba 48, wanda ake ajiyewa a asusun Microsoft da aka shiga da shi. Idan mai gyara ya yi amfani da nasa asusun, mabuɗin takardun wani yana hannunsa ke nan. Dole takardar ta ce da asusun wa aka shiga, kuma ina mabuɗin yake.

Yadda wasu ke yi

Akwai abin koyi a wajen masu Debian, wani zubin Linux da ƴan sa kai ke haɗawa tun 1993. Duk lokacin da suka fitar da sabon zubi, kamar Debian 13 a watan Agusta na 2025, sukan haɗa shi da rubutaccen bayani mai babi guda a kan ƙaura da wani babin a kan matsalolin da aka riga aka sani. Suna gargaɗin kada a tsallake zubi, suna kuma ba da shawarar a naɗi duk abin da ya gudana yayin aikin, don in an samu tangarɗa a san inda ta faro. Wanda ya ga kuskure a bayanin yana kai rahoto a gyara, kamar yadda ake gyara manhajar kanta.

Darasin shi ne takardar jagora ma ana gwada ta. A miƙa ta ga wanda bai taɓa yin aikin ba, a zuba masa ido ba tare da an taimake shi ba. Duk inda ya tsaya yana tambaya, nan ne rubutun ya gaza.

Da wane harshe?

Kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Takardar ƙaura wuri ne mai sauƙi da za a ga amfanin wannan mataki. Amma fassara kalma da kalma ba za ta wadatar ba. Fuskar yawancin kwamfutocinmu da Faransanci take, don haka bayanin ya zo da Hausa, sunan maɓalli kuma ya tsaya yadda ido zai gan shi: a ce «shiga Paramètres, sannan Système, sannan Récupération». Wanda aka fassara masa sunan maɓallin zai yi ta neman abin da babu shi.

Masu rubuta Hausa a kwamfuta su ƙara layi ɗaya: yadda za a maido da haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, bayan ƙaura. Ga waɗanda karatu ke yi wa wuya, ana iya karanta takardar a saƙon murya na WhatsApp, amma rubutun ya kasance shi ne tushe, domin shi ake iya gyarawa a sa masa kwanan wata.

Masu salula ma abin bai bar su ba. WhatsApp ya daina aiki a kan Android da ke ƙasa da zubi na 5.0 tun Oktoban 2023, haka kuma a kan iPhone da ke ƙasa da iOS 15.1 a shekarar 2025. Ɗan kasuwar da cinikinsa ke cikin waya yana buƙatar irin wannan bayani kafin ranar ta zo.

Wa zai rubuta?

Ba sai an jira wani daga Yamai ko daga waje ba. Masu gyara na Birni da Zango da Sabon Gari sun san matsalolin da ke maimaituwa fiye da kowa. Ɗaliban fannin kwamfuta na iya tsara abin da suka faɗa, malaman Hausa su daidaita kalmomin. Kowane ofis kuma ya ware kaye guda ga kwamfutocinsa, a rubuta ranar da aka taɓa kowace, da wanda ya taɓa ta, da abin da ya sa mata.

Kafin hakan ta samu, mai kwamfuta na iya kare kansa da tambayoyi uku ga mai gyara: za ka ɗora ne ko za ka share, ina kwafin takarduna, kuma da asusun wa za ka shiga. A nemi amsoshin a rubuce, da kwanan wata, kafin a miƙa na'urar.