Aikatau "Drip" a Turanci: Ma'anarsa da Tarihinsa

A wannan takarda za mu dubi wani ɗan gajeren aikatau na Turanci, watau "drip", wanda ke nufin zubar ruwa ɗis-ɗis, ɗigo bayan ɗigo. Abin da ya ja hankalinmu gare shi shi ne yadda yakan ba masu fassara da masu rubuta ƙamus wahala, alhali ga shi kamar mai sauƙi.

Asalin kalmar daga harsunan Jamusanci take. A tsohon Turanci akwai "dryppan" da "drypan", duk da ma'anar ɗigawa, akwai kuma suna "dropa", wanda ya zama "drop" na yau. Masana sun kasu biyu a kan sigar da ake amfani da ita yanzu: wasu na ganin daga tsohon Turancin ta gangaro, wasu kuwa na ganin aro ce daga mutanen Denmak. Ko wanne aka ɗauka, saiwar ɗaya ce. Ita ce ta haifi "druipen" a harshen Holan da "triefen" a Jamusanci. Bambancin baƙaƙen ba abin mamaki ba ne, domin a Jamusanci /d/ ya koma /t/, /p/ kuma ya koma /f/ ko /pf/, kamar yadda ake gani a "Tropfen", watau ɗigo.

Wurin da tarihin ya fi armashi shi ne kalmar "eavesdrop". A tsohon Turanci ana kiran ruwan da ke ɗiga daga bakin rufin ɗaki "yfesdrype", sannan sunan ya koma kan filin da ruwan ke sauka, kamar dai a ce ƙarƙashin indararo. To, mai son jin sirrin mutanen gida a nan yakan raɓe ya kasa kunne, saboda haka aka laƙaba masa sunan wurin. Abin bai tsaya ga zargi ba. A 1769 masanin shari'a William Blackstone ya lissafa wannan laɓe cikin laifuffukan da ake hukuntawa a Ingila, kuma ba a soke shi daga doka ba sai a 1967. Bature na yau yana faɗin kalmar ba tare da ruwan sama ya zo masa a rai ba.

Sai batun fassara. Turanci yana amfani da siga ɗaya, ko ruwa ne ya ɗiga da kansa, ko wani ne ya ɗiga shi. Hausa kuwa tana rarrabe su da karin sauti da tsawon wasalin ƙarshe. A "ruwa ya ɗiga" aikatau ƙi-karɓau ne, giredi na 3 bisa tsarin Parsons. A "ya ɗiga magani a ido" so-karɓau ne, giredi na 1. Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna wannan, don haka ƙamus da ya ce "ɗiga" kurum, ba misali, ya bar ɗalibi a duhu.

Har wa yau, Bature kan ce famfo ko rufi yana "drip", ya jingina aikin ga mazubin. A nan Bahaushe "yoyo" zai ce ga rufi, ko "tsiyaya" idan zubar ta ɗan yi ƙarfi. A asibiti ma, inda likita ke kiran ruwan da ake ɗura wa majiyyaci ta jijiya da sunan yadda yake ɗiga, Bahaushe amfaninsa ya duba, ya ce "ƙarin ruwa". A ganinmu ƙamus na Turanci zuwa Hausa ya kamata ya ware wa kowace daga cikin waɗannan ma'anoni layinta, tare da jimlar misali.