Sauya Wa Bindiga Bututu: Abin Da Ya Kamata Mafarautan Godogodo Su Sani

Daga Wakilinmu Na Arewa

Da zarar an kare girbi, iskar hunturu ta soma kaɗawa, ciyawa ta bushe, sai mafarauta a Godogodo da Gidan Waya da sauran ƙauyukan Ƙaramar Hukumar Jama'a su shiga sauko da bindigoginsu daga inda suka rataye su tun farkon damina. Farauta tsohuwar sana'a ce a kudancin Jihar Kaduna. Ko bikin Afan da mutanen Kagoro ke yi ran 1 ga watan Janairu na kowace shekara, asalinsa alama ce ta ƙarewar aikin gona da kuma buɗe daji ga mafarauta.

To, a irin wannan lokaci ne wata tambaya kan taso a bakin maƙera. Bindiga ta tsufa, tsatsa ta ci cikin bututunta, harbi ba ya zuwa inda aka saita. Shin a jefar da ita, ko kuwa a sa mata sabon bututu? Wani ma so yake a sa masa wanda zai ɗauki harsashin kanti maimakon albarushi. Tambayar tana da sauƙi a baki, amma amsarta ta shafi ran mai bindigar, ta kuma shafi dokar ƙasa.

Bututu Shi Ne Bindiga

Bindigogin da aka fi gani a hannun mafarautanmu su ne na toka, waɗanda ake ɗura wa albarushi da dalma ta baki, a daddanna da sanda. Cikin bututunsu sumul yake, saboda haka ba su da saiti in abin harbi ya yi nisa. Amma bindigar soja da ta gwanayen harbi, an tsattsaga cikin bututunta a murɗe tun daga gindi har baki. Wannan tsaga ce ke sa harsashi ya fita yana juyawa kamar mazari, ya tafi sak ba tare da ya karkace ba.

Duk harbin da aka yi, wuta da zafi sukan ɗan ci wannan tsaga, musamman a wajen gindi inda harsashi ke tashi. Bayan harbi dubbai sai bututun ya gaji, harsashi ya fara warwatsuwa. Shi ya sa a ƙasashen da ake gasar harbi, bututu kamar tayar mota yake: in ya sude sai a sake shi, a ci gaba da amfani da sauran jikin bindigar. Sau da yawa kuma a wannan lokaci ne akan sake girman harsashin gaba ɗaya.

Yadda Ingila Ta Yi

Tsofaffin sojoji da 'yan sanda a Arewa sun san bindigar nan Lee-Enfield, wadda jama'a ke kira Mak Fo, mai cin harsashi .303. Da ita sojojinmu suka yi yaƙin Bama. A 1954 ƙasashen ƙungiyar tsaro ta NATO suka amince su koma amfani da harsashi iri ɗaya, wato 7.62, domin in yaƙi ya tashi kowa ya iya ɗaukar na ɗan'uwansa.

Sojan Ingila ya sake bindigar mayaƙansa, amma ya bar gwanayen harbi daga nesa da tsohuwar Lee-Enfield ɗinsu mai madubin hange, har zuwa 1970. A shekarar ce masana'antar makamai ta gwamnati da ke Enfield ta soma karɓar waɗannan bindigogi tana juya su. Kimanin dubu ɗaya aka juya, aka sa musu suna L42A1.

Abin lura shi ne, ba bututu kaɗai aka taɓa ba. An sa sabon bututu mai kauri da nauyi, wanda ya ɗara tsohon tsawo da inci biyu da 'yan kai. An sake gidan harsashi, domin kwanson .303 yana da leɓe a gindi, na 7.62 kuwa ba shi da shi. An sake ɗan ƙarfen da ke fizgo kwanso bayan harbi. Kazalika an sake awon madubin hange daga yadi zuwa mita, saboda sabon harsashin ba ya bin hanyar tsohon a cikin iska. Bayan haka aka gwada kowace bindiga ɗaya bayan ɗaya. Da waɗannan bindigogi aka je yaƙin tsibiran Falkland a 1982, kafin a soma maye gurbinsu da sabuwar ƙira a tsakiyar shekarun 1980.

Misali Daga Kakuri

Ba sai an je Turai ba kafin a ga irin wannan aiki. A 1964 aka kafa Kamfanin Ƙera Makamai na Nijeriya, wato DICON, a Kakuri cikin garin Kaduna, da taimakon kamfanin Fritz Werner na Jamus ta Yamma. Ɗaya daga cikin bindigogin farko da ya fara haɗawa ita ce BM59, ƙirar kamfanin Beretta na Italiya.

Ita kanta BM59 juyayyiyar bindiga ce. Asalinta M1 Garand ce ta Amurka, wadda aka yi Yaƙin Duniya na Biyu da ita, mai ɗaukar harsashi 8. Mutanen Italiya suka ga ba su da kuɗin da za su zubar da kayan aikin da suke da su, sai suka juya ƙirar ta koma cin harsashin NATO, suka sa mata gidan harsashi mai ɗaukar 20. Kaurin dalmar iri ɗaya ne a duka biyun, amma tsawon kwanson Amurka milimita 63 ne, na NATO kuwa 51. Wannan bambanci na milimita 12, wanda bai kai gaɓar yatsa ba, shi ya sa tilas aka sake wurin zaman harsashi a gindin bututun.

Har gobe ana wannan sauyi a duniya. A 2007 kamfanin Hornady na Amurka ya fito da harsashi mai suna 6.5 Creedmoor, wanda bai cika faɗuwa ko kaucewa da iska ba in tafiya ta yi nisa. Da yake gindin kwansonsa daidai yake da na 7.62, masu gasar harbi da yawa suka sake bututu kawai suka koma kansa. Sai dai kowane allazi da nasa amanu: ya fi tsohon saurin cinye bututu.

Me Ya Sa Ba Aikin Maƙera Ba Ne?

Babu mai raina maƙeranmu. Ƙasar nan ce ta Nok, inda aka san narka tama tun fiye da shekara dubu biyu da suka wuce, kuma da garma da fartanyar maƙeri ake noma citta da masara da acca a wannan yanki. Amma ƙarfin da harsashin zamani ke haifarwa a cikin bututu ya kai kusan fam 60,000 a kan kowane inci murabba'i, wato ya ninka na albarushin toka sau da yawa. Ƙarfe na musamman ne kawai ke jure wannan. Bututun ruwa ko wani guntun ƙarfen mota da aka tsinta a bola ba zai jure ba, kuma ido ba ya ganin tsagar da ke ɓoye a cikin ƙarfe.

Bugu da ƙari, tazarar da ke tsakanin gindin harsashi da ƙarfen da ke tokare shi, da kaurin gashin kai ake auna ta. In ta yi yawa sai kwanso ya fashe, wuta ta dawo wa mai harbi a fuska. In bututu ya tsage kuwa, hannun hagu da ke riƙe da shi ne farkon abin da zai tafi. Manomin da ya rasa yatsu ko ido a watan Janairu, wa zai yi masa huɗa a watan Mayu?

Saboda haka ne Ingila ta kafa gidan gwajin bindigogi a Birmingham tun 1813. A can akan harba kowane sabon bututu da harsashin da ya fi na kullum ƙarfi, in ya jure a buga masa hatimi, kuma laifi ne a sayar da bindigar da ba ta da wannan hatimi. A maƙerar ƙauye kuwa, mai bindigar ne da kansa zakaran gwajin dafi.

Abin Da Doka Ta Ce

Dokar Bindigogi ta 1959 ta kasa makamai gida uku. Kashi na farko su ne haramtattu, waɗanda ba a riƙe su sai da iznin Shugaban Ƙasa, kuma a cikinsu an ambaci bindigogin soja masu cin harsashi 7.62 da milimita 9 da .300 da .303. Kashi na biyu su ne irin na farauta na kanti, waɗanda Sufeto Janar na 'Yan Sanda ke ba da lasisinsu. Na uku su ne na toka, waɗanda al'amarinsu ke hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha tare da yardar Gwamna.

Ke nan girman harsashi ne ke nuna gidan da bindiga take. Wanda ya sake wa bindigarsa bututu ta koma cin wani harsashi dabam, yana iya fitar da ita daga kashin da lasisinsa ya shafa ba tare da ya sani ba. Dokar ta kuma hana ƙera bindiga ko gyara ta sai da izni, ta hana a datse bututu mai sumul ya gaza inci 20. Dokar soja ta 1984 kan fashi da makami ta yanka tarar Naira 20,000, ko ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, ko duka biyun, ga wanda aka kama da bindiga ba bisa ƙa'ida ba.

Mutanen Godogodo ba su manta da harin watan Oktoba na 2016 ba, lokacin da aka yi asarar rayuka aka kuma ƙone gidaje. Wanda ya ga wannan, ba za a yi mamaki ba in zuciyarsa ta raya masa ya ƙara wa bindigarsa ƙarfi. Amma bindigar da aka yi wa kwaskwarima a ɓoye ba ta tsare gida: ko ta fashe a hannun mai ita, ko ta kai shi gidan kaso, ta bar iyali ba mai noma musu. Tsaron gari hakki ne da ke wuyan gwamnati, kuma a can ya kamata sarakuna da dattawa su matsa.

Shawara ga mafarauci ita ce, ya wanke bututunsa ya shafe shi da mai duk ranar da ya yi harbi, domin tokar albarushi tana jawo laima da tsatsa. In kuwa ya ga bututun ya kumbura ko ya rarake, to kwananta ya ƙare. Ya tuntuɓi ofishin 'yan sanda na Kafanchan a nuna masa hanyar da doka ta yarda da ita. Rigakafi dai ya fi magani.