Kada Ka Ci Irin Shuka

Kowane manomi ya san hatsin rumbu kashi biyu ne: akwai na ci, akwai na shuka. Kome tsananin bazara, mai hankali ba ya taɓa na shuka, don ya san damina tana tafe. To, kuɗin fansho shi ne irin shukar ma'aikaci. Amma akwai waɗansu mutane da ke yawo suna cewa za su iya fitar wa mutum da kuɗin nan tun lokaci bai yi ba. Ya kamata kowa ya san yadda abin yake, kada a cuce shi.

Yadda kuɗin ke taruwa

A shekarar 2004 gwamnatin Nijeriya ta yi sabuwar dokar fansho, aka sake gyara ta a 2014. Bisa ga dokar nan, kowane wata akan cire kashi 8 cikin 100 na albashin ma'aikaci. Wanda ya ɗauke shi aiki kuma ya ƙara kashi 10, ko fiye. A ce ana yi maka lissafi a kan naira 100,000 a wata. Kai za ka ba da 8,000, wurin aikinka ya ba da 10,000. Ka ga 18,000 ke nan a wata, 216,000 a shekara.

Kuɗin nan yana shiga asusu mai sunanka da lambarka kai kaɗai. Ko ka sake wurin aiki, asusun yana nan naka. Kamfanin fansho shi ke juya kuɗin don ya kawo riba, amma ba a hannunsa yake ba, wani kamfani dabam ke ajiyarsa. A bisansu duka akwai Hukumar Fansho ta Ƙasa, wadda ake kira PenCom, a Abuja. Sojoji da ma'aikatan waɗansu jihohi nasu tsarin dabam ne.

Ƙofofin da doka ta buɗe

Ta fari, in mutum ya bar aiki, kuma ya cika shekara 50. A nan akan ba shi wani abu a dunƙule, saura a riƙa biyansa kaɗan kaɗan kamar albashi.

Ta biyu, in ya rasa aiki kafin ya kai 50, ya yi wata 4 bai sami wani ba. Yana iya neman rubu'in abin da ke asusunsa, watau kashi 25 cikin 100. Sauran sai ya jira lokacinsa.

Ta uku, in ciwo ya hana shi aiki, kuma likitoci suka tabbatar.

Ta huɗu, tun daga 2022 mai asusu yana iya sa har rubu'in kuɗinsa cikin sayen gidan zama ta hanyar bashin banki. Wannan kuɗi ba a danƙa masa a hannu, bankin ake biya.

In kuwa ajali ya riski mutum, kuɗin na magadansa ne. Duk wanda ya ce maka ya san wata ƙofar boye ban da abin da doka ta tsara, katanga yake so ka haura.

Yadda macuta ke aiki

Macuci ba ya zuwa ran da kake cikin wadata. Sai ya ji kuɗin makaranta ya matse ka, ko kuɗin haya, ko bikin 'ya. Sa'an nan ya zo da fara'a, ya ce yana da mutum a ofis.

Wani zai ce ka fara ba da ɗan abin sayen takarda da na goro. Gobe ya ce an ƙara. In ya ga ka ƙare, sai ya kashe waya. Ba asusunka ya taɓa ba, aljihunka ya taɓa.

Wani ta waya zai kira ka, ya ce daga ofishin fansho yake. Zai nemi lambar katinka na banki, da lambar sirri, da wadda aka aiko maka yanzu yanzu. Da ka faɗa masa, sai ya kwashe abin da ke bankinka. Ma'aikacin gaskiya ba ya tambayar lambar sirri.

Na uku ya fi su haɗari. Shi takardar jabu yake bugawa, mai cewa an sallame ka daga aiki alhali kana wurin aikinka, ko mai cewa ba ka da lafiya alhali ƙalau kake. In kuɗi ya fito, ya ɗebi la'adarsa. To, tsaya ka duba. Sunan wa ke kan takardar? Naka. Hoton wa? Naka. Wa ya sa hannu? Kai. Ofishin fansho yana iya tambayar wurin aikinka, kuma kuɗin wata wata da ke ci gaba da shiga asusunka shi kansa shaida ne cewa ba ka bar aiki ba. Ran da asiri ya tonu, dillali ya ɓace, kai za a kama. Takardar jabu laifi ne da ke kai mutum kurkuku, ga zubar da mutunci, ga rasa aikin da ake taƙama da shi. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.

Ko da ba a kama ka ba

A ce akwai naira 2,000,000 a asusunka, aka fitar da 500,000. A ce dillali ya ɗauki 150,000. Ka ga 350,000 suka rage maka, kuma kafin wata uku sun tafi. Amma asarar ba ta tsaya nan ba. Da kuɗin nan ya zauna shekara 15 ko 20, da ya yi ta haihuwa. Yanzu abin da za a riƙa ba ka bayan ka bar aiki ya ragu, a lokacin da ƙarfi ya ƙare, ido ya yi rauni, magani ya yi tsada. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Abin da za ka yi

In kana da hakki, ba ka bukatar dillali. In ba ka da hakki, dillali ba zai iya ba ka shi ba sai da ƙarya. Saboda haka ka tafi ofishin kamfanin fanshonka da ƙafarka, ka yi tambaya. Ka riƙa duba takardar lissafin asusunka. Kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a kan takardar da ba ka karanta ba, ko wadda ba a cike ba. In wani ya zo maka da irin maganar nan, ka sanar da ofishin fansho ko 'yan sanda, ka kuma gargaɗi abokan aikinka.

Ga ɗaya daga amfanin karatun da kake koyo: mai karanta takarda da kansa yana da wuyar cuta.

Tambayoyi

1. Kashi nawa ma'aikaci ke bayarwa kowane wata?
2. Wata nawa wanda ya rasa aiki zai jira kafin ya nemi rubu'in kuɗinsa?
3. In an kama takardar jabu, wa zai amsa laifi?