Tsatsar Tsohuwar Mota: A Bar Ta Ko A Sake Fenti?

A shekarar 1975 ne aka fara haɗa motocin Peugeot a Kaduna, kuma har yau akwai gidajen da ke adana 504 ta gado wadda tsatsa ta fara taɓa rufinta. A nan ne magada sukan rabu biyu, wasu su ce a sake fenti, wasu kuwa su ce a bar ta yadda take.

Masu cewa a bari suna da hujja, domin fentin asali in an kankare shi ya tafi ke nan. A shekarar 2024, wata Bugatti ƙirar 1934 da ba a sabunta ba ita ce ta zo ta ɗaya a gasar tsofaffin motoci ta Pebble Beach a Amurka.

Sai dai tsatsa ba ta tsayawa inda ta fara muddin danshi da iska suna taɓa ƙarfe. Wadda ke sama-sama ana iya goge ta, a shafa kakin mota, a ajiye motar ƙarƙashin rumfa. Amma idan fenti ya kumbura, ko gindin ƙofa ya soma hujewa, to, wajibi ne a yanke wurin, a yi walda, a sa fenti tun damina ba ta sauka ba.